Yadda za ku kawo marubucin littafin yara mai hotuna makarantarku ba tare da abin ya koma taron jawabi ba

Yawancin yaranmu na firamare sun ɗauka littafi abu ne da yake zuwa daga gwamnati a cikin kwali an buga masa hatimi, ko kuma abin da baba yake sayowa farkon zango yana mitar tsada. Ba ya zuwa ransu sam cewa wani mutum ne ya zauna ya rubuta, wani kuma ya zana ya goge ya sake zanawa har sai da abin ya yi. Toh amfanin kawo marubuci da mai zane makaranta kenan, yara su ga mutumin da idonsu, su taɓa takardun da ya ɓata kafin littafin ya fito, sannan kowa ya yi nasa littafin kafin a tashi. In aka rasa wannan gaskiya taro kawai aka yi aka sha lemo aka watse. Wannan bayanin na malamai ne da hedimastoci da 'yan kwamitin makaranta, ko ta gwamnati ce ko ta kuɗi.

Wa za ku gayyata

Ba kowane marubuci ba ne zai yi. Muna da marubuta da yawa a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, amma mai rubuta labarin manya mai shafi ɗari uku daban, mai yin littafin yara mai hotuna daban, sana'a biyu ce. Ku nemi wanda ya taɓa fitar da littafin yara ko da guda ɗaya ne, kuma ku karanta littafin da kanku tukuna kafin ku kira shi. Hanya mafi sauƙi ita ce reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na jiharku, ƙungiyar da Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, suna da rassa a jihohi kuma sun san wa yake rubutun yara a cikinsu. Akwai kuma bukukuwan littafi irin su KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, in kuka bi shafukan irin waɗannan taruka a Facebook za ku ga sunayen masu wannan harka.

Mai zane shi ya fi wuyar samu. Wani lokacin marubucin shi ne mai zanen, wannan an huta, amma sau da yawa mutum biyu ne kuma ba mamaki ba su taɓa haɗuwa ba ma, kamfanin ɗab'i ne ya haɗa aikinsu. In mai zanen littafin yana Legas ko wata ƙasa, kar ku fasa, ku leƙa sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na kwalejin ilimi da ke kusa da ku, ɗalibin da ya iya hannunsa zai iya zuwa ya tsaya a gaban allo ya zana abin da marubucin yake karantawa. A ganina in dole sai ɗaya za ku iya ɗauka, ku ɗauki mai zanen. Yaro ɗan aji biyu zai iya manta abin da aka faɗa masa, amma ba ya manta ranar da wani ya ja layi huɗu da alli akuya ta fito.

Wata hanyar kuma, ku duba shafukan intanet na African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya. Duka biyun suna da labaran yara da Hausa masu hotuna, kyauta ake saukewa kuma an yarda a buga a raba, kuma kowane labari da sunan wanda ya rubuta ko ya fassara da wanda ya zana a jiki. Ko ba ku samu baƙo ta nan ba kun samu abin da za ku shirya yara da shi.

Izini da rana

In makarantar gwamnati ce kar ku tsallake ofis. Hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma takarda, a faɗi sunan baƙo da abin da zai yi da ranar, in ana buƙatar a sanar da SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, su za su faɗa muku. A sanar da kwamitin kula da makaranta na SBMC da ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA tun da wuri, ba don su zo su yi jawabi ba, don kar gobe wani uba ya ji a bakin ɗansa wai an kawo wani baƙo ya raba littafi, ya taso da faɗa. Ku ba shugaban kwamitin kwafin littafin ya duba da idonsa, magana ta ƙare.

Maganar rana kuwa mutane suna son haɗawa da ranakun duniya, ba laifi. Akwai 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa, akwai 2 ga Afrilu ranar littattafan yara ta duniya da ake yi tun 1967 a ranar haihuwar marubucin labaran yara Hans Christian Andersen na ƙasar Denmak, akwai 23 ga Afrilu ranar littafi ta UNESCO tun 1995, sai 27 ga Mayu ranar yara a Najeriya. Amma ku duba kalandar jiharku, na Afrilun nan sau da yawa suna faɗawa cikin jarrabawa ko hutun zango na biyu ga kuma zafi, ita kuma 27 ga Mayu fareti ya cinye ta. Ta Fabrairu ta fi daɗi in ba ta haɗu da azumi ba. In duk ba su yi ba ku zaɓi Talata ko Laraba kawai a tsakiyar zango, ban da Juma'a saboda ana tashi da wuri, ban da ranar kasuwar garin in ƙauye ne don rabin aji ba za su zo ba. Kuma da safe, a fara kafin tara, bayan an dawo daga tara rana ta yi yara sun fara gyangyaɗi.

Kuɗi, tunda ba a son faɗa

Ku yi maganar kuɗi a kiran farko. Mun saba mu gayyaci marubuci mu ce ai taimakon al'umma ne, ya zuba mai a mashin ɗinsa ko ya biya kuɗin mota daga wani gari, ya wuni yana magana, a sallame shi da Allah ya saka da alheri. Addu'a tana da kyau amma aikinsa ne wannan. Mafi ƙaranci kuɗin mota zuwa da komawa, abinci, da sayen kwafin littafinsa ko da biyar ne ko goma a ajiye a makaranta. In makarantar kuɗi ce a biya shi ladan wuninsa kai tsaye. Idan kuma shi ya ce ya yafe, toh wannan daga gare shi ne. Abu ɗaya da ba na so, a tilasta wa kowane yaro ya zo da kuɗin littafi ranar, wanda ba shi da shi ya zauna yana kallon 'yan uwansa ana sa musu hannu. In za a sayar a aika wa iyaye sanarwa, a yi cinikin a ofis bayan an tashi.

Kayan aiki ba su da yawa, rim ɗin takarda A4 wanda guda 500 ne a ciki, fensir, kala ko da na rabawa ne yara huɗu kwali ɗaya, farin kwali babba kamar guda goma, maka baƙa mai kauri, salatif, almakashi a hannun malamai kawai, da alli. Kar ku dogara da majigi. Ko akwai janareta hasken ajin da tagoginsa suke buɗe zai cinye hoton, ga ƙara.

Sati biyu kafin ranar

Nan ne yawanci ake sakaci, kuma nan ne rabin aikin yake. Baƙon da yara ba su san littafinsa ba baƙo ne kawai. Malamin kowane aji ya karanta musu littafin aƙalla sau biyu kafin ranar, da murya, yana nuna hotuna, ya tsaya ya tambaye su me suke gani a hoton da ba a faɗa a rubutu ba. Sannan kowane aji su tara tambayoyi a rubuta a kwali a manna. Za ku ji tambayoyi irin su nawa kake samu, kana da mota, kai ka zana da hannunka ko kwamfuta ce, kar ku hana su, sai dai ku taimaka su ƙaro wasu, me ya sa ka sa wa yarinyar jan mayafi, ina ka samo labarin, sau nawa ka ɓata kafin ya yi.

Shi kuma baƙon ku faɗa masa gaskiyar abin da zai tarar. In ajinku yara tamanin ne ko ɗari a kan tabarma ku faɗa masa, in yaran Hausa kawai suke ji ku faɗa masa, in littafin da Turanci ne a shirya wanda zai riƙa mayarwa Hausa ko shi ya ba da labarin da Hausa yana nuna hotunan. Kuma ku roƙe shi abu ɗaya da muhimmanci, ya zo da tarkacen aikinsa. Littafin rubutun da ya fara zuba labarin a ciki da duk kashe-kashen biro, zanen farko na fensir wanda kan yaron ya fi jikinsa girma, shafin da aka ƙi karɓa, ɗan littafin gwaji da ya haɗa da farar takarda kafin a kai maɗaba'a. Wasu marubutan suna jin kunyar nuna waɗannan, ku lallashe su, su ne abin kallon.

Sai maganar zanen abu mai rai. A wajenmu wannan ba abin da za a yi kamar ba a sani ba ne, akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana mutum ko dabba, akwai waɗanda ba su ga komai a ciki ba in na koyarwa ne, malamai kuma sun yi bayani kowa da fahimtarsa. Ba aikin makaranta ba ne ta yanke hukunci ranar, ku tattauna da kwamiti tun kafin, kuma a bar ƙofa a buɗe, yaron da ba zai zana mai rai ba ya zana gida, rumbu, bishiyar kuka, kwale-kwale, keke napep, tukunya a kan murhu, zanen lalle ko dagin Arewa a bangon littafinsa. Mai zanen da ya san aikinsa zai iya nuna musu yadda ake ba da labari da sawun ƙafa a ƙasa da ƙofa a buɗe da kwanon da aka kifar, ba tare da an ga kowa ba. Yara suna son wannan sosai ma, don sai sun yi tunani.

Ranar kanta

A asambuli minti biyar ya isa, hedimasta ya ce ga baƙonmu ga sunansa ga littafinsa, a yi masa tafi, kowa ya tafi aji. Don Allah kar a jera kujeru da rumfa a kira manyan baƙi, in aka fara gabatar da shugaban taro da babban baƙo mai jawabi da uban taro, kafin a zo kan marubuci rana ta take yara sun gaji da zama.

A raba su rukuni-rukuni. 'Yan aji ɗaya da biyu minti 20 zuwa 25 ya ishe su, 'yan uku da huɗu kamar minti 40, 'yan biyar da shida za su iya kai awa ɗaya saboda su za su yi aikin hannu sosai. Kar a ɗora wa baƙo fiye da zama uku ko huɗu a wuni, murya tana ƙarewa. In makarantar babba ce gara a zaɓi azuzuwa kaɗan a yi musu da kyau, a sake gayyato shi wani zangon saboda sauran. Malamin aji ya zauna a ciki daga farko har ƙarshe, ba lokacin zuwa shan shayi ba ne, shi ya san yaransa shi zai tsawatar, baƙo ba zai riƙe aji ba kuma bai kamata a bar shi shi kaɗai da yara ba. Bulala kuma a ajiye ta a ofis ranar.

Ya fara da abin da suka sani. In ya ce ga ta nan ga ta nanku, ajin gaba ɗaya zai amsa ta zo mu ji ta, shikenan ya kama su. Sai karatu, littafin a buɗe yana kallon yara ba shi ba, ya riƙe shi a gefen kafaɗarsa yana juyawa a hankali daga wannan bango zuwa wancan don na gefe su gani. A babban aji na baya ba za su ga komai ba, shi ya sa yana da kyau tun kafin ranar a nemi izininsa a ƙara girman shafuka biyar ko shida zuwa A3 a shagon fotokwafi a manna a kwali, monita ya riƙa zagayawa da su. Kafin ya juya shafi ya tsaya ya ce me kuke jin zai faru, ya bar su su yi ta faɗa.

Bayan karatu sai tarkacen nan. Nan zai gaya musu yadda ake yin abin, cewa yawancin littattafan yara masu hotuna shafi 32 ne, ba don wani ya ga dama ba, sai don a maɗaba'a babbar takarda ake bugawa a ninke ta ta ba da shafi 8 ko 16, shi ya sa za ka ga 24 ko 32 ko 40 amma da wuya ka ga 30. A cikin 32 ɗin ma wasu sun tafi wajen suna da bayanin maɗaba'a, abin da ya rage wa labari bai fi buɗi 12 zuwa 14 ba, kowane buɗi shafi biyu ne masu kallon juna, don haka dole marubuci ya yi ta yanke magana, duk abin da hoto ya nuna ba sai an rubuta ba. Ya sa su ƙirga shafukan littafin da kansu su gani. 'Yan aji shida suna jin daɗin wannan, har da cewa duk launukan da suke gani daga tawada huɗu aka haɗa su a injin, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi.

Sai zane a gabansu, wanda shi ne zuciyar ranar. Mai zanen ya tsaya a allo ko farin kwali ya ce su ba shi wanda za a zana, su za su faɗi komai, tsoho ne ko yaro, me ya sa a kansa, fushi yake ko dariya, me yake riƙe da shi. Ya fara da da'ira da layuka marasa kyau da gangan su yi dariya, sannan su ga yadda abin yake tashi. Ya nuna musu yadda gira kawai take canja fuska, in ta sauko tsakiya fushi, in ta ɗaga mamaki. In ya yi kuskure kar ya ɓoye, ya ce kun ga na ɓata, ya gyara a gabansu. Yaran da suke tsoron taɓa fensir don kar a ce ba su iya ba, wannan wajen ne yake sake su.

Wajen tambayoyi malami ya lura, maza na gaba su ne za su yi ta ɗaga hannu, a riƙa karɓa ɗaya daga maza ɗaya daga mata, ɗaya gaba ɗaya baya.

Kowa ya yi littafinsa

Wannan da takarda A4 guda ɗaya ake yi, ba gam ba zare, kuma malamai su gwada shi a ofis kwana ɗaya kafin ranar don hannu ya saba. Ka ninke takardar biyu ta tsawo, dogon gefe ya haɗu da dogon gefe, ka murje da farce ka buɗe. Sai ka ninke ta biyu ta ɗaya hanyar, gajeren gefe ya haɗu da gajere, ba tare da ka buɗe ba ka sake ninkewa biyu ta wannan hanyar dai. In ka buɗe duka za ka ga gida takwas, huɗu a sama huɗu a ƙasa. Yanzu ka mayar da ita ninki ɗaya, gajere da gajere, ka sa almakashi daga bakin da yake a ninke ka bi layin tsakiya ka yanka gida ɗaya kacal ka tsaya. In ka buɗe za ka ga tsaga a tsakiyar takardar mai tsawon gida biyu. Sai ka ninke ta tsawo kamar na farko, ka kama ƙarshen dama da na hagu ka turo su ciki, tsagar za ta buɗe baki har ɓangarorin su haɗu su yi fukafukai huɗu, ka kwantar da su gefe ɗaya ka murje. Littafi ya fito, bango, shafi shida a ciki, da bayan littafi.

Ga ƙananan aji malamai su yanka su ninke tun jiya, a raba musu a shirye. Manya su ninke da kansu, malami ya bi layi yana yanka musu. Reza kam ko kusa.

Shafi shidan nan ga yadda za a raba musu in sun rasa ta inda za su fara, na ɗaya wane ne, na biyu me yake so, na uku me ya hana shi, na huɗu ya gwada bai yi ba, na biyar ya sake dabara, na shida yadda ta ƙare. Jimla ɗaya a kowane shafi ta isa, wanda bai iya rubutu ba tukuna ya yi hoto kawai ya faɗa da baki malami ya rubuta masa a ƙasa. Da Hausa za su rubuta in ita ta fi zo musu, kuma ranar ba ranar jan biro ba ce, kar a bi ana gyara musu ƙa'idar rubutu. Za ku ga wasu sun fara littafin daga dama saboda sabo da allo da Islamiyya, a nuna musu a hankali, in kuma yaro da ajami ya ga zai rubuta a bar shi ya buɗe ta damansa. A bango kowa ya rubuta sunan labari, a ƙasa ya sa sunansa cikakke, baƙon ya riƙa zagayawa yana duƙawa yana tambayar wannan wane ne, me zai faru da shi. In lokaci ya ƙure a ƙarasa washegari, ba dole sai a gabansa ba.

Hoto da waya, a yi hattara. Kowa zai so ya ɗauka ya sa a Facebook ko TikTok, amma 'ya'yan mutane ne, in ba a nemi yardar iyaye ba a ɗauki hannuwa da littattafan da allo, ko a ɗauka daga bayan aji. Shi ma baƙon a faɗa masa wannan tun kafin ya ciro waya.

Bayan ya tafi

Zanen da ya yi a kwali a sa ya sa hannu da kwanan wata a manna a ajin, wanda ya yi a allo kuma a ɗauki hotonsa kafin a goge. Littattafan yara a ɗaura igiya daga taga zuwa taga a rataye su sati ɗaya, 'yan wani ajin su shigo su karanta, kowace safiya a ba mutum biyu ko uku su karanta nasu a gaban aji, bayan nan kowa ya kai nasa gida ya nuna. Kwafin da aka saya kuma kar su shige durowar hedimasta a kulle wai kar su lalace, a samu akwati ko bokiti mai murfi saboda gara da ɓera, a naɗa yaro ɗaya a kowane aji mai kula da shi da ɗan littafin rubuta sunan wanda ya ara da ranar da zai dawo da shi, a ƙara da labaran da aka buga daga African Storybook a yi musu bango da kwali. Cikin satin ajin su haɗu su rubuta wa baƙon wasiƙa guda ɗaya kowa ya sa hannu, malami ya ɗauki hotonta ya tura masa ta WhatsApp tare da hoton littattafai uku ko huɗu da yaran suka ƙarasa, in da hali a tambaye shi tun lokacin ko zai dawo zango na gaba saboda azuzuwan da ba su samu ba.